Ɓari uku da kumburin ƙafa: ciwon antifosfolifid ne, kuma zan haihu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 29, shekara biyar da aure. Na yi ɓari sau biyu, duk cikin bai wuce wata biyu ba. Na uku ya kai wata shida sai motsi ya tsaya, aka yi hoto aka ce ɗan ya rasu a ciki. Kwana goma bayan an cire shi ƙafata ta hagu ta kumbura, aka ce jini ne ya daskare a jijiya, aka ɗora ni a kan wafarin, maganin tsinka jini. Yanzu an yi mini gwajin jini an ce ya nuna alamar ciwon antifosfolifid, amma wai sai an sake bayan wata uku. Me ya sa sai na jira? Wani mai kemis ya ce in koma shan Xarelto in huta da gwajin INR da ake yi wa masu shan wafarin don auna yadda jini ya tsinke. A gida kuma ana ta cewa iska ce ke zubar mini da ciki. Zan haihu kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa masu ceto ne, ya kawo rayayyu masu albarka. Rashin ciki na wata shida, bayan uwa ta saba da motsinsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin na san ita ce ke hana ki barci. In ma ya tabbata wannan ciwon ne, yana daga cikin dalilan yawan ɓari da aka fi samun nasara a kansu. Matan da aka gano musu shi aka kuma ɗora su a kan magani tun farkon ciki, kusan bakwai cikin goma, wani lokaci har fiye, suna haihuwar ɗa rayayye. Sai dai nasarar tana hannun shiri, kuma shirin yakan fara ne tun kafin a ɗauki cikin.

Garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai da muke kira antibodi, aikinsu su kama ƙwayoyin cuta. A wannan ciwon sai ta ƙera waɗanda ke kama wani furotin na jinin mutum kansa, mai suna beta-2 gilaikofurotin 1, wanda ke manne wa kitsen da ke lulluɓe da ƙwayoyin halittar jiki. Wannan kitsen shi ne fosfolifid, daga nan sunan ya samo asali. Idan suka kama shi sai su harzuƙa bangon jijiyar jini da ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini, wato filatilet, jini ya zama kullum a shirye yake ya yi guda. Sau da yawa ba ya yin gudan sai an samu abin da ya ingiza shi: ciki, jego, tiyata, doguwar kwanciya, zazzaɓi mai tsanani, shan taba ko ƙwayar tazarar haihuwa mai isturojin. Ke naki ya haɗu da jego.

A mahaifa kuma ɓarnar ba ta tsaya a gudan jini kaɗai ba. Waɗannan antibodin suna hana mabiyiya kafuwa da kyau a bangon mahaifa, suna kuma tayar da kumburi a wurin. In abin ya zo da wuri sai ciki ya zube. In mabiyiyar ta kafu amma da rauni, sai ɗa ya riƙa samun abinci da iska kaɗan-kaɗan, girmansa ya tsaya, wani lokaci ya rasu a ciki, ko uwa ta kamu da hawan jinin ciki da jijjiga. Wani likitan Landan, Graham Hughes, shi ne a shekarar 1983 ya haɗa waɗannan abubuwa da ake ganin ba su da dangantaka, daskarewar jini da ɓari da shanyewar ɓarin jiki a ƙuruciya, ya nuna cewa tushensu ɗaya. Shi ya sa za ki ji wasu na kiransa ciwon Hughes. Mata ya fi kamawa, amma maza ma suna yi. Ba a ɗaukarsa ta kwanciyar aure ko cin abinci tare. Kusan rabin masu shi ba su da wata cutar garkuwar jiki, sauran kuma galibi yana zuwar musu ne tare da cutar lufus, wadda ita ma garkuwar jiki ce ke juyowa kan jikin mai ita.

Yanzu ga maganar jiran wata uku. Likitanki ya yi daidai, kuma ina so ki fahimci dalili don kada ki ɗauka jan rai ne. Ana tabbatar da ciwon ne da ƙafa biyu, ɗaya ba ta tsayuwa sai da ɗaya. Ta farko abin da ya faru da jikin mutum: gudan jini a jijiya wanda hoto ya tabbatar, ko rasuwar ɗa mai cikakkiyar halitta a ciki daga mako na 10 zuwa sama, ko ɓari uku a jere kafin mako na 10 ba tare da wani dalili ba, ko haihuwar bakwaini kafin mako na 34 saboda jijjiga, hawan jinin ciki mai tsanani ko gazawar mabiyiya. Waɗannan sharuɗɗa ƙwararru sun fara tsara su a Saforo ta Japan aka wallafa a 1999, aka gyara su a Sidni ta Ostareliya aka wallafa a 2006, sannan ƙungiyoyin likitocin Amurka da Turai suka fito da wani sabon tsari a 2023. Asalinsu don bincike aka yi su, amma da su muke auna marar lafiya. Ke wannan ƙafar ta tsaya miki har ta fuska biyu: cikin wata shida da kuma ƙafar da ta kumbura. Ɓarinki biyu na farko su kaɗai da ba su isa ba, domin kusan rabin ɓarin farkon ciki daga matsalar halittar ɗan tayin ne, ba daga jinin uwa ba.

Ƙafa ta biyu ita ce gwajin jini, kuma iri uku ne: antikadiyolifin, anti-beta-2 gilaikofurotin 1, da wanda ake kira lufus antikowagulan. Dole aƙalla ɗaya ya fito, ya kuma sake fitowa bayan mako 12 ko fiye. A tsarin Saforo mako 6 ne, aka ga bai isa ba aka ninka shi. Dalili kuwa, waɗannan antibodin suna iya bayyana na ɗan lokaci bayan rashin lafiya, su ɓace da kansu ba su cutar da kowa ba. Cikin masu lafiya garau ma ana samun ɗaya zuwa biyar cikin ɗari da gwajinsu zai ɗan nuna. Cututtukan da ke tayar da su sun haɗa da zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, kuturta, ciwon hanta, ƙanjamau da tunjere. Ki dubi wannan jerin ki dubi inda muke zaune. Mace da ta yi maleriya makonni uku kafin a ɗebi jininta, in na liƙa mata wannan ciwon da gwaji ɗaya na ɗora ta a kan maganin tsinka jini na shekaru, na zalunce ta.

Dangantakarsa da tunjere ma tana da tarihi. Tsohon gwajin tunjere da kadiyolifin ake yinsa, kitsen da Mary Pangborn ta tace daga zuciyar saniya a 1941. Don haka mai wannan ciwon tana iya zuwa awo a yi mata gwajin VDRL ya nuna tana da tunjere alhali ba ta da shi. Na ambaci wannan ne saboda na ga inda irin wannan sakamakon ya kusa raba aure. In ya faru da ke, ki nemi a yi gwajin tabbatarwa na ainihin ƙwayar cutar kafin kowa ya zargi kowa.

Ba ki faɗa mini wanne aka yi miki cikin ukun ba, kuma wannan ne abin da za ki fara tambaya. Kalmar "ya nuna" ba ta isa ba, lamba muke so. A antikadiyolifin sai ya haura 40 muke ɗaukarsa da muhimmanci, kuma nau'in antibodin da za ki ga an rubuta IgG a takardar ya fi wanda aka rubuta IgM nauyi nesa ba kusa ba. Cikin ukun, lufus antikowagulan ya fi alaƙa da daskarewar jini da asarar ciki, wanda kuma duka ukun suka fito masa shi ya fi kowa haɗari. Sunan lufus antikowagulan yana ruɗa mutane: yawancin masu shi ba su da lufus, kuma a cikin kwalbar gwaji ne kawai yake jinkirta daskarewar jini, a jikin mutum akasin haka yake yi.

Shi wannan gwajin yana da saurin lalacewa. A kwalba mai shuɗin murfi ake ɗibar jinin, a cika ta daidai layin da aka zana, a juya ta a na'ura sau biyu don a raba ruwan jinin da filatilet, in ba ranar za a gwada ba a daskarar da shi a firiza. Jinin da ya yini a jakar ɗan aike cikin zafin watan Afrilu, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Sannan wafarin da kike sha yana iya rikita shi, haka Xarelto, haka lokacin da gudan jini yake sabo. Sauran gwaji biyun maganin bai shafe su ba. Kada ki kuskura ki daina wafarin da kanki don a yi gwaji. Likitan jini ne zai tsara yadda za a yi, wani lokaci yakan mayar da mutum kan allurar hefarin, wadda ita ma tsinka jini take yi, na 'yan kwanaki. Irin waɗannan likitocin a asibitocin koyarwa ake samunsu, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika, kuma ki nemi a tura ki.

A cikin wannan jiran akwai abubuwan da za a duba: yawan filatilet, domin sukan ragu a kusan kashi uku cikin goma na masu ciwon, aikin ƙoda da furotin a fitsari, gwajin lufus, sukari, maƙoƙo, rukunin jini da jinotayif, da hoton mahaifa. Mace tana iya samun dalili biyu a lokaci guda. Ki kuma gaya wa likita in kina yawan ciwon kai na ɓari ɗaya, ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi, gyambon baki, ko wani zane kamar raga a fatar cinya, wanda a baƙar fata sai an duba a haske sosai ake ganinsa.

Maganar mai kemis kuwa, a'a. Na san wahalar wafarin: zuwa asibiti, layi, kuɗin gwaji, yau a ce ƙara rabin ƙwaya gobe a ce rage. Xarelto, wato ribarokzaban, magani ne mai kyau ga masu gudan jini na yau da kullum. Amma an gwada shi a kan wannan ciwon takamaimai. A wani bincike da aka yi a Italiya aka wallafa a 2018, an raba mutum 120 waɗanda duka gwaji ukun suka fito musu gida biyu. Cikin masu shan ribarokzaban mutum 11 suka gamu da matsala, galibi shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya ko zubar jini mai yawa, cikin masu wafarin kuwa mutum 2. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinsa, kuma a 2019 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a kan ba masu wannan ciwon irin waɗannan magungunan. Tunda ba a riga an san ko ke ukun ne za su fito miki ba, zama a kan wafarin shi ne hankali. Ga mai neman haihuwa ma Xarelto ba ya cikin lissafi, ba a shan sa da ciki ko da shayarwa.

Abin da ake nema a wafarin shi ne INR ya zauna tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa jini zai iya sake guda, in ya yi sama sosai sai zubar jini. A da ana ɗaga shi sama da 3 ga duk mai ciwon, sai bincike biyu na 2003 da 2005 suka nuna hakan bai ƙara kariya ba. Wanda gudan ya same shi a jijiyar ƙwaƙwalwa ko zuciya ne akan ƙara masa asfirin ko a ɗaga ma'aunin. Tsawon lokacin shan sa kuma sakamakon gwajinki na biyu ne zai faɗa. Wanda jininsa ya daskare haka kawai ba dalili, shan sa na dindindin ne. Ke da naki ya zo a jego, in gwajin ya dawo babu komai ana iya tsayarwa bayan wata uku zuwa shida, in kuwa ya dawo da ƙarfi za a ci gaba.

Ganye yana da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin wafarin: zogale, alayyahu, rama, lalo, kuka. Ba na hana kowa miyar kuka. Abin da nake roƙo shi ne a daidaita, kada a yi wata guda ba a ci ganye ba sannan damina ta faɗi a koma kwaɗon zogale safe da yamma. Magungunan kemis sun fi ganye haɗari. Flagyl, Septrin da fulukonazol na ƙaiƙayin gaba suna ɗaga INR har jini ya ɓalle, rifamfisin na tarin fuka kuma yana kashe ƙarfin wafarin. Ibufurofen da dikulofenak suna sa zubar jini a ciki, in ciwo ya dame ki farasitamol za ki sha. Ba ƙaho, ba sakiya, ba tsaga, kuma ko haƙori za a cire miki ki fara faɗin abin da kike sha. Da azumi ki tsayar da lokaci ɗaya bayan buɗa-baki. Doguwar tafiyar mota ko jirgin aikin Hajji, ki riƙa motsa ƙafa kina shan ruwa.

Su mutanen gida da ke cewa iska ce, tausayinki ne ya sa suke neman dalili. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da magani, ki riƙe su. Jiƙo da sassaƙe da tsimi ne nake jin tsoro, domin ba wanda zai iya gaya miki abin da za su yi wa INR ɗinki. Ki zo da maigidanki asibiti ya ji bayani daga bakin likita, in da hali har da surukarki. Na lura macen da mijinta ya ga takardar gwaji da idonsa ba ta cika shan matsin lambar a kai ta wani wuri ba.

Sai babban abin da nake so ki riƙe: kada ki ɗauki ciki yanzu. Wafarin yana ratsa mabiyiya, kuma tsakanin mako na 6 da na 12 yana iya lalata halittar ƙashi da hancin ɗan tayi. Ƙafarki ma tana bukatar ta gama warkewa. Ki yi tazara, amma ban da ƙwayar da ke da isturojin, domin ita kanta tana daskarar da jini. Robar mahaifa mai sinadarin furojestin ta fi dacewa da ke, tana ma rage yawan jinin al'ada da wafarin kan jawo.

Idan lokaci ya yi, ga yadda akan tsara. Za ki fara folik asid tun kafin ciki. Da zarar al'ada ta yi jinkiri ko da kwana biyu ne ki yi gwajin fitsari, in ya nuna ciki a ranar za ki je asibiti a sauya wafarin da allurar hefarin, wadda ba ta ratsa mabiyiya, a haɗa miki da ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 100 kullum. Wani bincike na Landan a 1997 a kan mata 90 masu yawan ɓari ya nuna kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa musu biyun sun haihu, masu asfirin kaɗai kuwa kashi 42. Macen da ɓari kawai take yi akan ba ta ƙaramin ma'aunin hefarin, kamar nau'insa da ake kira Clexane, miligiram 40 sau ɗaya a rana. Ke da kika taɓa yin gudan jini cikakken ma'auni za a ba ki gwargwadon nauyinki, yawanci safe da dare. Furedinisolon ba ya cikin maganin farko, yana jawo hawan jini, sukari da fashewar faya da wuri. Haidurokzikulorokwin akan ƙara wa mai lufus ko wadda ta sake asara duk da magani.

Allurar da kanki za ki riƙa yi, kuma ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Sirinjin a cike yake zuwa, tsinin gajere ne siriri. Ki zauna, ki tattaro fatar gefen ciki da yatsu biyu, nesa da cibiya, ki soka a miƙe, ki tura a hankali, ki zare, kada ki murza wurin. Yau dama, gobe hagu. Ba ta kai wa ga ɗa. Akwai wata baiwar Allah da ta rasa ciki huɗu, ranar farko hannunta na rawa har sai da nas ta riƙe mata shi. Da cikin ya kai wata bakwai ita ke nuna wa sababbin zuwa yadda ake yi. Tsadarta ita ce ainihin matsalar, don haka ku fara tanadi tun yanzu ke da maigida, ku kuma tambayi likita game da tsohuwar hefarin mai sauƙin kuɗi in abin ya gagara. Za ki iya jin cewa daga hanjin alade ake tace hefarin. Gaskiya ne, kuma malamai da dama sun yi rangwame a kai saboda larura. In zuciyarki ba ta natsu ba ki tambayi malamin da kika amince da shi tun kafin ciki, kada ki bari sai allura ta zama dole.

Awonki ba zai zama irin na kowa ba. Za a riƙa auna hawan jini da fitsari a kai a kai, daga wata na biyar zuwa shida a fara hoton girman ɗa da gudun jini a igiyar cibiya. Ciwon kai mai tsanani, ganin walƙiya-walƙiya, kumburin fuska, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko raguwar motsi, ba a kwana da su a gida. Haihuwa a asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata za a yi, kuma akan tsara ranar, domin sai an tsayar da cikakken ma'aunin hefarin awa 24 kafin allurar baya.

Bayan haihuwa ne mutane ke sakin jiki, alhali makonni shidan farko sun fi kowane lokaci haɗarin daskarewar jini, kamar yadda ya faru da ke. Kusan daidai suke da kwana arba'in ɗinmu. In za ki tafi wankan gida, maganinki ya riga kayan jariri shiga jaka, ki kuma san inda za ki riƙa gwada INR a can. Kada a bar ki kwance yini guda, ki tashi ki zagaya tsakar gida. Hefarin da wafarin duka ba sa hana shayarwa.

Daga yau har zuwa ranar gwajinki na biyu, in numfashi ya ɗauke miki farat ɗaya, ko ƙirji ya soke ki, ko kika yi tari da jini, ko baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, ko kika ga baƙin bayan gida kamar kwalta ko jini a fitsari, ki nufi sashen gaggawa a take. Akwai wani nau'in ciwon mai tsanani da ke toshe ƙananan jijiyoyin jini a sassan jiki uku ko fiye cikin mako guda. Bai kai ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ba, amma daina magani kwatsam da kamuwa da cuta mai zafi suna cikin abubuwan da ke tayar da shi. Ki samu ƙaramin littafi ki rubuta ranar da aka ɗebi jinin farko, sunan kowane gwaji da lambarsa, ma'aunin wafarin da kowane INR, ki ƙirga mako 12 daga waccan ranar ki sa alama, ki riƙa tafiya da shi duk asibitin da za ki.